Huda a Bakin Kifi

Duk lokacin da maigidana ya aiko da kwalin kifi daga bakin teku, unguwarmu kan riga ni sani. Warin ke yin sallama tun daga bakin kwalta, kafin direban kamiyon da ke kawo saƙon ya iso ƙofar gida yana haki, yana cewa a zo a karɓi wannan fitina, ta ɓata masa katifa. Ni a lokacin ina lakwal, makarantar da nake koyarwa, ina fama da 'yan ajina. Sai na taso in tarar da surukata, Iya, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zauna nesa kaɗan da kwalin kamar ba ta san da zamansa ba. Ba ta taɓa buɗe shi da hannunta. Maigidana shi ne ɗanta na fari, Iya kuwa irin matan zamanin da ce, ba ta kama sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban kowa. In magana ta zama dole sai ta ce "wancan", ko "mai tafiyar nan". Duk zamana a gidan ban taɓa jin ta ce yaushe zai dawo ba. Abin da takan ce shi ne, "Dabinon kwari ya kusa nuna ko?" Ni kuma in gane inda ta dosa.

Mutumin Gure da kamun kifin teku, ai abin dariya ne, kuma an yi mana dariyar har an gaji. Garin da in kana son ruwa sai ka zura guga, a ce ɗansa ne ke kwana a kan ruwan da ba a hango ƙarshensa. To, abin ya samo asali. Tun yana saurayi yakan bi masu zuwa tafkin Cadi da rani, a can ya koyi zuba mamari, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi jere. Da tafki ya daina shiguwa saboda rashin tsaro, kowa ya kama gabansa, wasu gida, wasu arewa. Shi sai ya bi wani abokinsa har Lome, ya shiga kwalekwalen masu mamari. Ya bar mini uwarsa, da 'ya'yanmu mata biyu, da lambun gado a kwari, wanda tudun rairayi ya sa wa ido yana matsowa kowace shekara.

Zuwansa na ƙarshe, na so in burge shi. Na je shagon wani Badamagare a kasuwa na sayo kifin ƙanƙara, a raina ina cewa mutumin da ya saba da ɗanyen kifi bari a yi masa miyar da ya saba. Ina wankewa a tsakar gida da la'asar ya zo ya tsaya a kaina, ya leƙa roba, ya ja tsaki.

"Wannan ai na shara ne," in ji shi.

Na ce, "To sannu, sarkin ruwa. Na sharar ma da kuɗina na saye shi."

Ya yi dariya, ya jawo kujera 'yar tsugunne, ya shiga ɗaki ya ɗauko ɗaya daga cikin manyan busassun kifin da ya zo da su. Ja ne, ya kai tsawon damtsena, an tsaga shi an sa gishiri, ɓawonsa duk yana nan a jere. Ya kama ɗan yatsana ya kai bakin kifin.

"Kin ji nan? Huda ce. Wannan da kansa ya zo. Irinsu a ƙasan teku suke zama, cikin duwatsu. Mu sa wa kowace ƙugiya ɗan abinci, mu ɗaura dutse ya kai igiyar ƙasa. Wanda ya ji yunwa ya haɗiya. Ƙarami bakinsa bai kai ƙugiyar ba, sai ya wuce abinsa ya je ya girma."

"Wato kwaɗayi ya kashe shi," na ce, "kamar wasu da na sani."

Bai kula ni ba, don in ya shiga zancen kifi ko tsawa aka yi ba ya ji. Ya ce akwai kuma kalli, raga ce da ake kafawa a tsaye a ƙasan ruwa kamar darni. Kifi ya zo wucewa ya sa kai, gaba ta gagara, baya ta gagara. Shi ya sa kifin kalli duk kansu ɗaya, daidai idon ragar, kuma kowanne da zobe a wuya inda zare ya shaƙe shi. Ya ce aibin kalli shi ne in ta ɓace a ruwa ba ta san ta ɓace ba, haka za ta yi ta kamu babu mai zuwa ɗauka.

Sannan ya sa hannu a robata ya ɗago nawa kifin, ya juya shi. Ban taɓa lura ba sai ranar: jikinsa sumul, ɓawon duk ya goge, cikinsa ya lotse kamar an zauna a kai. Ya buɗa gefen kansa ya lakato wani baƙin taɓo ya nuna mini.

"Wannan aikin bato ne, manyan jiragen nan na ƙarfe. Tarunsu buhu ne, bakinsa ya fi filin ƙwallon lakwal ɗinku, da sarƙa a leɓensa na ƙasa. Bato na tafe yana jan shi yana kankare ƙasan teku. Ba ya tambaya. Uwa da 'ya'ya, ƙaguwa, taɓo, duk ciki. Na ƙasan buhu su mutu tun kafin a ɗago, nauyin 'yan uwansu ya murƙushe su. A zaɓi masu kyau a sa a kwali, sauran a tura su ruwa da shebur, ko ma'aikata su shanya a kan bato."

Na ce to ai su ke da riba, me ya hana shi shiga, ya huta da ɗaurin ƙugiya?

Nan fuskarsa ta canza. Ya ce mai mamari in ya yi 'yan kwanaki a ruwa yakan sauko, ya yi Juma'a a cikin mutane, ya kira gida, ran da ya ga dama ya ɗaure kayansa ya hau mota. Wanda ya shiga irin baton da yake faɗa kuwa, takardunsa suna hannun kaftin, kuma bato ba ya zuwa gaɓa. Ƙananan jirage ke kai masa mai da abinci, su kwaso kifi su dawo. "Ranar shiga ka sani, ranar fita sai Allah," in ji shi. "Ni da bato har abada. In dai kin ga huda a bakin kifina, ki san ƙafata na taɓa ƙasa."

A wannan zaman ne ya yi alkawari. Ya ce saura tafiya ɗaya. In dabino ya nuna zai dawo ke nan, ya kafa shingen kaba da ƙiraren kalimbo ya tare rairayin nan, ya zauna a lambun ubansa. Ya kuma faɗi wata magana da na ji amma ban auna ba. Ya ce batocin sun fara matsowa inda suke zuba mamari, suna tsinke musu igiya, kuma manyan jajayen nan sai an yi nisa kafin a same su. Duk wannan hira Iya na zaune a bakin ɗakinta, ta ba mu baya tana tufkar igiya. Ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba.

Bayan ya koma sai na sami sabuwar ɗabi'a. Kwali na zuwa, kafin in raba wa maƙwabta, sai in bi kifin in zura ƙaramin yatsana a bakin kowanne. In na ji huda sai in ji sanyi a raina, har in tsokani direba in ce katifar tasa dama can wari take. Saƙon muryarsa ma yana shigowa a salula, iska na kaɗawa a bayansa, yana tambayar yara da jikin Iya. Nakan ƙara sautin in ajiye salular a kan turmi, in yi kamar na manta da ita a wurin. Iya kuma ta yi kamar tsintar tsakuwa take a cikin gero.

Sannu a hankali kifin ya fara raguwa, a yawa da a girma. Saƙon ma ya ja baya. Daga nan sai ga wani gajere, muryarsa a daƙile: wai salularsa ta sha ruwa, rezo, wato layin waya, kuma ya lalace a wajensu, in na ji shiru kada in damu. Na saurare shi har na haddace. Daga shi ban ƙara jin komai ba.

Ba zan ɓoye ba, zaman nan ya ishe ni. Daga gida sai lakwal, daga lakwal sai gida, ran hutu in hau amalanke in tafi kwari in ga abin da rairayi ya ci. Ya binne layin rogo, ya shanye gindin lemun tsami, ya doshi rijiya. Ina tsaye a ƙasan kwarin, duk inda na ɗaga kai tudu ne ya kewaye ni, sama kawai ake gani. Yayana da ke Damagaram ya yi ta cewa in nemi a mayar da ni can da aiki, in kwaso yara, ga ɗaki a gidansa. Wa zan bar wa Iya? Tsohuwar da yanar ido ta fara rufe mata gani, ga tansiyo, wato hawan jini, likita ya ja mini kunne ya ce a kiyaye ta da labari mai tayar da hankali. Ni ba bazawara ba, ni ba mai miji a gida ba. In mata sun tambaye ni a wurin suna, "Yaya mai teku?" sai in ce lafiya lau, yana gaishe ku, in haɗiye sauran.

Dabino ya fara ja a kwari lokacin da direba ya sake zuwa. Ranar ina gida. Kwalin ya fi na kullum girma, har sai da ya sa wani ya kama masa.

"Wushe, Madam," ya gaishe ni, yana share gumi. "Yau kam maigida ya yi abin kai."

"Kun gaisa? Yaya ka gan shi?"

"Ai ban gan shi ba. Wani ne ya kawo mini a tashar jirage, ya ce a ce yana lafiya, aiki ne ya yi yawa."

Kafin ya juya mata sun cika gidan, kowace da 'yar tasarta a ɓoye cikin mayafi, wai sun zo gaida Iya. Na yanke igiya na buɗe. Abin da na fara gani shi ne yawa. Ƙananan kifi ne maƙil, iri-iri, wani kamar yatsa, wani kamar tafin hannu, an barbaɗe su da gishiri an shanya. Babu ja ko ɗaya. Jikinsu sumul, wasu a lanƙwashe, wasu kai ya fashe. Na ɗauki ɗaya na kai yatsa bakinsa, bakin ma bai isa yatsan ya shiga ba. Na ɗauki wani, na ɗauki wani. Na buɗa gefen kan wani mai ɗan girma, sai ga busasshen taɓo ya zubo a tafina.

"Kai, wannan ya fi auki!" in ji maƙwabciyata ta bayan gida. "Waɗancan manyan ai sai a yi ta yanka ana jin kunya. Wannan kowa ya samu."

Wata ta zaro wani mai faɗi kamar faifai, idanunsa biyu duk a gefe ɗaya, ta ɗaga shi sama. "Jama'a ku ga ikon Allah! Wannan kamiyon ne ya taka shi?" Aka kwashe da dariya. Ta ga ina kallon abin da ke tafina, ta ce, "Rairayin hanya ne, Madam, kakkaɓe kawai. A Gure me ba ya shan rairayi?"

Gaskiyarta, a garinmu rairayi har cikin tuwo yake, shi ya sa babu wadda abin ya dama. Amma namu ja ne, mai laushi. Wannan baƙi ne, da 'yan farfasassun ɓawon katantanwa a ciki, kuma a cikin kan kifin yake, inda iskar hanya ba ta kaiwa.

Na raba musu. Na raba har da fara'a, har da cewa a yi masa addu'a. Da suka watse na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na zauna a bakin gado. Abin da ya fara zuwa mini fushi ne, tsoro daga baya ya biyo. Ni zai yi wa wannan? Wai salula ta sha ruwa! Kifi na ganinka, mai jar koma. Mutumin da ya kama yatsana da hannunsa ya koya mini, shi ne zai aiko mini da sharar bato ya ce aiki ya yi yawa? Na zage shi a raina son raina, na zagi Lome, na zagi abokin da ya kai shi. Da fushin ya lafa sai wani tunani ya zo, kuma shi ya fi ciwo. Bai manta ba. Ya san zan duba. Bakinsa ne ya kasa faɗa, bayan rantsuwar da ya yi a tsakar gidan nan, sai ya bar kifin ya faɗa mini. Batocin sun share wurin mamarinsa har ya rasa abin kamawa, ya je ya shiga abin da ya kore shi. Yanzu yana can inda ba mota, ba tasha, ba ranar fita.

Wa zan gaya wa? In na gaya wa yayana, gobe zai turo mota. In na gaya wa maƙwabta, kafin magariba ya dawo kunnen Iya da ƙari. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na fito na jiƙa kifin, na wanke, na sake wankewa, na yi miyar yakuwa. Duk da haka muna ci yana ƙaras-ƙaras a haƙori. Yara suka ce Baba ya aiko da kifi mai tsakuwa. Iya ta ci loma kaɗan ta ce ta ƙoshi.

Haka muka shiga zaman ɓoye-ɓoye. Na koma tsoffin saƙonninsa, in kunna ɗaya in ajiye a kan turmi kamar sabo ne. Na ce mata ya gaishe ta, ya ce aiki ya riƙe shi kaɗan. Takan ce, "Madalla." Dabino ya nuna sarai, na nemo wani mutumin Gidigir ya hau ya sauke mana, muka shanya a kan rufin ɗaki. Abin da ya dame ni shi ne Iya ta daina tambayar dabino. Na ɗauka jiki ne, na ƙara mata magani a kan lokaci, na rage gishiri a miya.

Wata Laraba aka tashe mu da wuri, na dawo gida rana tsaka, yara ba su taso ba tukuna. Na yi sallama ba a amsa ba. Na zagaya bayan ɗakin ajiya, sai ga Iya zaune a inuwar katanga. Ta jawo kwalin da kanta, ta juye sauran kifin a kan tabarma. Tana ɗaukar ɗaya, ta kai shi dab da idonta, ta shafa bakinsa da babban yatsa, ta ajiye a hagu. Tarin hagu ya yi tsini, a dama babu komai. Na tsaya da jaka a kafaɗa, na kasa gaba na kasa baya.

Ba ta ɗago ba ta ce, "'Yar nan, zo ki duba mini wannan. Idona ba ya gani. Huda ce ko?"

Na tsuguna na karɓa. Wani ɗan siriri ne, muƙamuƙinsa ya tsage wajen shanya.

"Huda ce, Iya."

Ta karɓe shi, ta sake shafawa a hankali, ta girgiza kai.

"A'a. Ta ƙugiya kewayayya ce, gefenta santsi. Na sha taɓawa in kin tafi lakwal, a cikin rabon da kike ajiyewa. Wannan karyewa ce." Ta ajiye shi a hagu. "Ina zaune ranar da yake gaya miki. Bakina ke kunya, kunnena ba ya yi."

Na ce, "Iya, likita ya ce…"

"Likita bai haife shi ba. Kuma saƙon da kike kunna mini, na san shi. Wanda yake tari a tsakiya. Tun kafin azumi ya aiko shi."

Na zauna dirshan a ƙasa da kayan aikina, hawaye na zuba, ina jin kunyarta ina kuma jin sauƙi, don na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai. Ita ba ta yi kuka ba. Ta kakkaɓe gishirin hannunta a zane, ta juya fuskarta wajen ƙofar gida. Sai ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, a hankali, kamar mai gwada ko bakinta zai iya. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin sa a bakinta ba.

Ta ce, "Yaushe zai dawo?"

Na ce, "Ban sani ba, Iya."

Ta gyaɗa kai. Muka mayar da kifin cikin kwali tare, tana miƙo mini ina jerawa, har da ɗan mai tsagaggen bakin.

Tun daga ranar dabino ya sake nuna, mutumin Gidigir ya sake hawa. Rairayi ya kai bakin rijiya, na sa an kafa ɗan shinge iya ƙarfina. Yayana ya gaji da magana ya yi shiru. Direba yana zuwa jefi-jefi, kullum ya ce wani ne ya kawo masa kwalin, a ce yana lafiya. Yanzu Iya ba ta jira in taso, da kanta take yanke igiyar. In na shigo na tarar da kwali a buɗe, ita kuma tana wanke hannu a bakin randa ba ta ɗago kai ba, sai in san ba ta ji huda ba, in wuce ɗaki in ajiye jakata, in fito in hura wuta.